Zango Cikin Zango: 'Yan Kallon Lome da Ƙullin Wasan Kwaikwayo

Da masu shirya fim na Kano suka tashi neman sunan da za su ba wasan da ba ya ƙarewa a zama ɗaya, wurin fatake suka je aro. Suka ce shiri mai dogon zango. Kowane rukunin makonni suka kira shi zango, abin da ake nunawa a dare ɗaya kuma kashi. A zamanin ayari, zango shi ne inda ake sauke kaya, a kai jakai ruwa, a hura wuta, a zauna ana tattauna hanyar da aka baro da wadda za a shiga gobe. Kalmar nan ce dai ta bi fataken goro har gaɓar teku, bakin mutanen can ya lanƙwasa ta ta koma Zongo, ta zama sunan unguwa a Kumasi da Akra da Kwatano da Lome.

Ke nan wanda ke zaune a Zongon Lome yana kallon kashin ƙarshe na wani zangon shirin Labarina, sau biyu kalmar ta same shi. Wannan nazari bai damu da shirin kansa ba kamar yadda ya damu da abin da ke biyo bayansa, wato kwanakin nan da ke tsakanin kashi da kashi, lokacin da marubuci ya yi shiru 'yan kallo suka karɓe magana. Abin da nake son nunawa shi ne, mai kallon wasan Hausa da aka ɓoye wani al'amari a cikinsa bincike biyu yake yi a lokaci guda. Ɗaya a cikin labari: wa ya aikata? Ɗaya a bayan kyamara: me ya faru tsakanin 'yan wasa da masu shiri har labari ya karkata haka? Nisan da ke tsakanin Lome da Kano kuwa yana sauya nauyin kowace tambaya.

Unguwar da aka tasa

Hausawa sun shiga Lome tun tana 'yar tashar ciniki a ƙarshen ƙarni na 19. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar goro, fatake suka watsu zuwa Kete-Krachi da garuruwan gaɓa, sannan a 1897 Jamusawa suka mayar da Lome mazaunin mulkinsu a Togo. Zongo ta daɗe a tsakiyar birni. A 1977 gwamnatin Gnassingbe Eyadema ta rushe ta, aka kwashe mutanenta zuwa arewacin gari, tazarar kilomita kusan 15, wajen Agoe da Togblekope, a bakin babban titin da ya nufi Sokode da Dapaong har iyakar Burkina Faso. Wani Bafaranshe masanin zamantakewa, Michel Agier, ya yi bincike a cikinsu, ya fitar da littafi a 1983 a kan 'yan kasuwar unguwar. Wanda ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne maigida, mutumin da ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ba da shanu bashi. Ciniki ne da ba ya dogara da takarda, sai da sanin mutum da sanin wanda ya tsaya masa.

Ba Hausawa kaɗai ke Zongo ba. Akwai Kotokoli da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa, Hausa ce dai ke haɗa su a kasuwa da bakin masallaci. Yaron unguwar yana karatun boko da Faransanci, yana ciniki da harshen Mina a cikin gari, ya dawo gida ya yi Hausa da kakarsa. Wannan yaron, da uwarsa, da baƙon direban da ya sauka gidansu, su ne 'yan kallon da ake magana a kai.

Wasan ya iso musu ta hanya biyu. Ta farko faranti ne a kan rufi: an buɗe Arewa24 a Kano a 2014, tana watsa shirye-shiryenta ta tauraron ɗan'adam, Daɗin Kowa ya shiga gidaje, Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019 da jiharsa ta ƙirƙira, Alfawa, da gwamnanta Bawa Maikada. Ta biyu waya ce a tafin hannu. Kasuwar faifai ta riga ta durƙushe, annobar korona ta 2020 ta rufe sinima, masu fim suka koma YouTube. A shekarar ne Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka fito, kowanne ya kama ranarsa a mako. Akwai kuma wani ɗan lissafi da mutumin Kano ba ya tunawa da shi: agogon Togo yana bayan na Nijeriya da awa ɗaya. Abin da aka saki da tara na dare a Kano, takwas ce a Lome, an idar da Isha'i ba da jimawa ba, ba a rufe shaguna ba, mai shayi bai kai ga tsakiyar cinikinsa ba. Daren Juma'ar Labarina ya fi tsawo a Lome, ana gama kallo da sauran lokacin musu.

Wane irin ɓoyo?

Wajibi ne a faɗi gaskiya tun nan: wasan Hausa bai cika samar da ɗan sanda mai bin diddigi wanda labari ke tafiya a bayansa daga gawa zuwa kamu ba. Labarina labarin soyayya ne da gado da son zuciya, Kwana Casa'in na siyasa ne da aikin jarida. Ɓoyon a cikinsu ake saƙa shi: wa ya sa aka sace wance, wa ke kai rahoton gidan nan waje, takardar nan ta gaske ce ko ta bogi, ɗan wa ne wannan yaro. Mutanen Lome kuwa suna da abin gwadawa da mutanen Kano ba su da shi sosai, domin ƙasashe masu Faransanci sun sha kallon Derrick na Jamus da Columbo na Amurka da aka juya wa harshe, daga baya ga Commissariat de Tampy na Burkina Faso. Dattijon da ya girma da waɗannan ya san yadda ake jera shaida, kuma yana lura idan an tsallake ta.

Tsakanin waɗancan biyun ma akwai bambancin da ke da amfani a nan. A Derrick, galibi tare ake neman mai laifi. A Columbo kuwa tun farko ake nuna maka shi yana aikatawa, abin da ya rage shi ne yadda za a kama shi. Wasan Hausa ya fi karkata ga tsari na biyu, kuma ba don kwaikwayo ba. Mai kallo ya san halin Baba Ɗan Audu na Labarina, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa, tun kafin mutanen cikin labari su farga. Ba sunan mugu yake jira ba, ranar tonon asiri yake jira. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Shi ya sa ƙorafin da aka fi ji bayan kashi ba "ban gane ba" ba ne, "har yanzu ba a kama shi ba?" ne. Fim ɗin Hausa ya daɗe yana kare kansa da cewa faɗakarwa yake yi, 'yan kallo kuma sun riƙe shi a kan maganarsa: idan faɗakarwa ce, to ina sakayya?

Nahawu ma shaida ne

Akwai wani abu da harshen Hausa ke yi wa marubucin irin wannan wasa wanda ban ga an kula da shi yadda ya kamata ba. Hausa ta ba shi kyauta ɗaya, ta kuma ɗaure masa hannu ɗaya.

Kyautar ita ce "an" da "aka". An kashe shi. An sace ta. Aka ce in kawo maka wannan. Jimla ce cikakkiya, ba ta da gurgunta, amma mai aikin ya ɓace a cikinta. Duk wani ƙulli a wasan Hausa a kan wannan 'yar kalma yake zaune, aikin 'yan kallo na mako guda kuma shi ne su cire "an" su sa suna.

Ɗaurin kuwa jinsi ne. A ɗauki fitowar da kowa ya sani: mugu ya keɓe, ya ɗaga waya, yana magana da wanda ya aiko shi, ba a nuna mana ɗaya ɓangaren. Mai rubutu da Ingilishi yana iya jan wannan hira minti biyar ba a san namiji ne a can ko mace ba, domin lamirin "kai" da "ke" ɗaya ne a harshensa. Bahaushe tun jimlar farko zai tona: ko "ka ji", ko "kin ji". Ko gaisuwar girma ba ta cece shi ba, "ranka ya daɗe" daban, "ranki ya daɗe" daban. Dole ya nemi mafaka. Ya sa a yi jam'in girmamawa, "yadda kuka ce haka za a yi". Ya koma wa "an", "an gama aikin". Ko ya laƙaba suna marar jinsi, manya, na sama, masu abin. Mai kallon da ya goge ya san duk wannan. Da ya ji ɗan aike ya yi minti biyu yana kauce wa "ka" da "ki", sai ya ce a ransa, akwai dalili, wataƙila mace ce, tunda da namiji ne ba a wahalar da kai haka ba. Kaucewar ta zama alama.

A nan Zongon Lome ta bambanta da Fagge ta Kano. Lome a jikin iyakar Gana take, Aflao na kallonta, kuma sananne ne cewa Hausar zangunan Gana ta sassauta bambancin jinsi, "ya" kan hau gurbin "ta", "-n" kan hau gurbin "-r". Wanda ya tashi da Hausar gaɓa yana jin Kananci sarai, amma kunnensa bai saba ɗora nauyin shari'a a kan harafi ɗaya ba. Alamar da marubuci ya dasa, ko wadda ta kuɓuce masa, tana iya wuce shi. Baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Tawa ko Sakkwato ba ta wuce shi. Sai majalisar kallo ta samu malamanta: direba ko ɗan kasuwar da ya sauka jiya shi ake juyowa a tambaya, "me ya ce, 'ka' ko 'kin'?" A mayar da bidiyon baya, a ƙara murya, a saurara. Haka ake yi da karin magana da habaici da saye irin na 'yan birnin Kano. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa musun bayan kashi ke da daɗi a zango: ana warware labari, ana kuma gwada Hausar juna ba tare da an ce gwaji ake ba.

Hanyar zargi ma tana da launin wurin. Unguwar da ta ginu a kan maigida da baƙonsa ta saba auna mutum da tambaya biyu: gidan wa ya sauka, wa ya tsaya masa? Ba abin mamaki ba ne idan an ji mai kallo ya bar sawun ƙafa da lambar mota, ya kama cewa, "wannan yaron wa ya kawo shi gidan? To wanda ya kawo shi a tuhuma." Ko kuwa, "a duba wanda zai ci gado." Hankali ne na dillali, wanda ya san kaya ba sa ɓacewa sai da hannun na gida. Sau da yawa kuma yana dacewa, domin marubutan Kano daga al'ummar da ke tunani haka suka fito.

Na ba ka gari

Bahaushe ya san dokar ɓoyo tun yana yaro a dandali. Idan aka yi maka kacici-kacici ka gaza, sai ka ce na ba ka gari. Mai tambaya yana da damar raina garin ya nemi wanda ya fi shi. Amma da zarar ya karɓa, bashi ya hau kansa: dole ya faɗi amsa, kuma dole amsar ta zauna daram a kan tambayar, yadda kowa zai ce ashe. Idan ya kawo abin da ba ya cikin siffar da ya bayar, yara ba sa barinsa.

Abin da mai kallo ke bayarwa ya fi gari tsada: dare ɗaya kowane mako, da kuɗin data, 'yan ɗaruruwan sefa da za su iya zama kuɗin zemijan, wato acaɓa, na gobe. Saboda haka kalmar da ke fitowa idan warwara ba ta gamsar ba kalmar wanda aka cuta a ciniki ce: "an raina mana hankali." Ana faɗinta idan aka jawo sabon mutum a kashin ƙarshe aka ce shi ne mai laifin, ko aka warware ƙullin zango uku da laɓe a bayan ƙofa, ko mugu ya kwanta ciwo ya furta komai da bakinsa. Wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na labarin bin diddigi a 1929. A cikinsu akwai cewa dole mai laifi ya kasance an ambace shi tun farkon labari, kuma kada a fito da tagwaye ba tare da an share fage ba. Yaran dandali ba su karanta shi ba, amma hukuncinsu ɗaya.

Inda suka rabu da shi shi ne batun gaibu. Knox ya hana a warware labari da abin da ya fi ƙarfin hankali. A wasan Hausa kuwa boka mutum ne a cikin gari, yana da adireshi, ana zuwa wurinsa da mota. Kalmar asiri ma ɗauke take da ma'ana biyu, abin da aka ɓoye da abin da aka binne. Mai kallo a Zongo, wanda ke birni ɗaya da kasuwar kayan tsafi ta Akodessewa, ba ya cewa marubuci ya karya doka don an yi wa wance asiri. Abin da ba ya yafewa shi ne a yi asirin a ɓoye masa. A nuna masa an je, a nuna masa an binne, daga nan ya yarda ya shiga lissafi.

Sai jan labari. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, aku yana jan Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Jinkirin yana da dalili a cikin labarin. Na YouTube dalilinsa a waje yake: kowane ƙarin kashi ƙarin talla ne. 'Yan kallo sun san haka, suna kuma faɗa, "sun ga ana kallo, ba za su ƙare shi ba." Amma su ne dai ke zaman kallo ranar Juma'a.

Bincike na biyu

Misalin da ya fi fito da abin da nake nufi shi ne mutuwar Mahmud a Labarina. Nuhu Abdullahi ne ya fito a matsayinsa, ɗaya daga cikin masu neman Sumayya, kuma wanda 'yan kallo da yawa suka riga suka ɗaura musu aure a zuci, duk da Presido ɗan masu kuɗi da ke gefe. Da labari ya kashe shi, tambayoyi suka zo a jere, kuma jerin nasu abin lura ne. Ta farko ta cikin labari ce: anya ya mutu kuwa, ko dabara ce za a dawo da shi? Ba ta daɗe ba ta biyu ta danne ta: ɗan wasan ne ya bar shirin? Daga nan hira ta tashi daga kan Mahmud ta koma kan Nuhu. A 2022 kuma Nafisa Abdullahi, wadda ita ce Sumayya, ta sanar da ficewarta, daga baya Fati Washa ta karɓi matsayin. Duk wanda ya bi wannan ya koyi darasi ɗaya, kuma ba ya mantawa: idan mutum ya ɓace a labari, kafin ka tambayi wa ya sace shi, tambayi ko yana nan a wurin ɗaukar fim.

A lura da lafazin da ake amfani da shi. Ba a cewa Mahmud ya rasu, cewa ake "sun kashe Mahmud", kuma "sun" ɗin ba mugayen cikin labari ba ne, masu shirin ne. A al'ummar da ke karɓar mutuwar gaske da "kwana ya ƙare", wasa ne kaɗai wurin da ake da wanda za a tuhuma a kan ajali, a kira sunansa, a ce bai kyauta ba. Ina zargin wani ɓangare na zafin da ake nunawa daga nan yake.

Ba Hausawa suka fara ba. Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893 don ya gaji da shi, masu karatu suka hana shi sakat, a 1903 ya dawo da shi da rai. A Maris na 1980 shirin Dallas na Amurka ya rufe zango da harbin J.R. Ewing, duniya ta yi wata takwas tana tambayar wa ya harbe shi, ranar 21 ga Nuwamba Amurkawa sama da miliyan 80 suka zauna jin amsa. Shirin nan dai ya kashe Bobby Ewing a 1985 saboda ɗan wasan, Patrick Duffy, ya tafi. Da ya dawo a 1986, sai aka ce duk zangon da ya wuce mafarkin tsohuwar matarsa ne. Har yau ana ba da misali da shi idan ana maganar raina hankalin mai kallo. Elihu Katz da Tamar Liebes sun bi yadda al'ummomi daban-daban a Isra'ila, har da Larabawa da Yahudawan Maroko da na Rasha, ke ba da labarin kashi ɗaya na Dallas, suka fitar da littafi a 1990. Abin da suka gano shi ne kowace al'umma da ma'auninta: wasu dangantakar iyali suke bi, wasu manufar masu shirin suke tuhuma.

To ina Zongon Lome a wannan ma'auni? Mutumin Kano yana kusa da bayan kyamara. Ya san titin Gidan Zu inda ofisoshin 'yan fim suke, yana iya gane unguwar da aka ɗauki fitowa, wataƙila ɗan'uwan abokinsa na riƙe fitila a wurin. Jita-jita na isa gare shi da ɗuminta. Na Lome waya ta rage masa nisa, hirar 'yan wasa da BBC Hausa ko abin da suka sa a Instagram yana isowa a rana ɗaya, amma ba shi da hanyar tantancewa, ba shi da wanda zai tsaya wa labarin. Ga mutanen da suka saba tambayar wa ya kawo magana kafin su saye ta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sakamakonsa, a fahimtata, shi ne bincike na farko ya fi daɗewa da rai a can. Ana ci gaba da auna Mahmud a matsayin Mahmud bayan Kano ta koma maganar kwantiragi.

Akwai kuma abin da na Lome ke kallo wanda na Kano ba ya gani don ya saba da shi. Yadda ake zaman makoki, yadda ake kai lefe, ɗaurin ɗankwali, ɗinkin da amarya ta sa, yadda yarinya ke durƙusa wa surukarta. Ga iyalin da kakansu ya baro Katsina ko Zazzau shekara ɗari da suka wuce, kashi ɗaya na wasa leƙe ne zuwa gidan da ba a taɓa zuwa ba. Tela na tsayar da hoto ya duba wuyan riga. Uwa na cewa 'yarta, "kin ji yadda ake gaishe da manya?" Wata kuma na cewa, "ashe su ma can haka suka lalace." Ko wannan ma martani ne, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da neman mai laifi, a bakin mutum ɗaya, a zama ɗaya. Ɗakin mai kitso ya fi kowace majalisar maza zurfafa shi, domin a can ne ake da awa uku da hannu a kai da baki a sake.

Sai dai duk wannan kusanci na gefe ɗaya ne. A Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kai su tacewa ba kafin a sake su. Hukuma ce ta jiha ɗaya a wata ƙasa. Mai kallo a Togo ba ya zaɓen gwamnan da ya naɗa ta, ba ya cikin al'ummar da ta ce tana karewa, amma takardarta na iya taɓa daren Juma'arsa. Kallonsa na shiga lissafin da ke jawo talla, ra'ayinsa kuwa sai dai ya tsaya a wurin mai shayi.

Masu zuwa a makare

Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kaya masu yawa da a da ke bi ta Kwatano sun koma tashar jirgin ruwan Lome, su bi ta Burkina Faso. Manyan motocin da ke ɗaukarsu a tashar da ake kira Terminal du Sahel suke taruwa, nan arewacin gari, jikin Zongo. Direbobi da yaran mota, da yawansu masu jin Hausa, kan yi kwanaki suna jiran takardu da lodi, a hanya kuma su yi jiran rakiyar soja. Wato ayari ya dawo, da taya maimakon kofato. Kafin a tashi ana cika waya: a je wurin mai tura finafinai, ko a karɓa daga wayar aboki ta Xender, domin akwai wuraren da sabis ba ya kaiwa.

Wannan ya haifar da wani rukunin 'yan kallo da lokacinsu ya saɓa da na kowa. Mutum ya dawo bayan mako uku ko huɗu, ya tsaya a kashi na bakwai, unguwa ta kai na goma. Kalmarsa ta farko bayan gaisuwa ita ce, "don Allah kada ku ba ni labari." Ladabin majalisa kuma ya tanadi wannan. Amma ba ya iya yin shiru. Ya yi kwana ashirin a hanya yana juya abin a kansa, ya gina hujjarsa tsaf, ya san wanda ya aikata. Sai ya ajiye kofin shayi ya shiga jero dalilai: wanda ya kawo yaron gidan, wanda ya fita kafin a kira waya, "kun" ɗin da aka yi maimakon "ka". Sauran sun riga sun ga amsa tun makon jiya. Wani ya sunkuyar da kai yana danne dariya, wani ya ce, "ci gaba, Malam, muna jin ka." Mai shayi ya ƙara masa ruwan zafi.